Shin Ko Kun San? Lissafin da Ke Bayan “Na Yarda” da “Ban Yarda Ba”

Duk wanda ya taɓa zama a harabar jami'a ko kwalejin ilimi a zangon ƙarshe ya san su: ɗalibai riƙe da damin takardu suna bin mutane, “Don Allah Malam, a taimaka a cike mini wannan.” Ka karɓa ka yi ta sa alama, namiji ko mace, da aure ko babu, na yarda ko ban yarda ba. Ka miƙa ka kama gabanka. Shafinmu na yau ya bi waɗannan takardun tambayoyi ne zuwa ɗakin da ake mayar da su lissafi, domin a can ake riƙe amanar wanda ya amsa, a can kuma ake cin ta.

Shin ko kun san cewa ba kowace lamba ce ake tarawa a raba ba? A 1946 wani masanin halayyar ɗan Adam na Jami'ar Harvard, S. S. Stevens, ya kasa awo gida huɗu. Akwai wanda suna ne kawai, kamar jiha ko sana'a ko harshen gida. Akwai mai jeri, wanda wani ke gaban wani, kamar firamare, sakandare, jami'a. Akwai mai tazara daidai wa daida, kamar ma'aunin zafi. Sai mai farawa daga sifili na haƙiƙa, kamar nauyi da shekaru da kuɗi. Mafi yawan amsoshin takardar tambayoyi a gida biyu na farko suke. Idan mai bincike ya ba Kano lamba 1, Katsina 2, Sakkwato 3, lambobin nan laƙabi ne ya liƙa don sauƙin shigarwa. Ba yadda za a haɗa Kano da Sakkwato a raba biyu a samu Katsina. Amma ka umurci kwamfuta ta fitar da matsakaicin jiha, nan take za ta ba ka 2, ba musu ba gargaɗi.

Shin ko kun san cewa tsanin nan mai hawa biyar, daga “na yarda ƙwarai” zuwa “sam ban yarda ba”, sunan mutum yake ɗauke da shi? Rensis Likert ne, Ba'amurke, ya fito da shi a 1932 a aikinsa na digirin digirgir a Jami'ar Columbia. Abin da ya tsara shi ne a yi wa mutum tambayoyi da dama a kan abu guda, a tara makinsu, jimillar ta nuna inda ra'ayinsa ya karkata. Tambaya guda ɗaya tilo ba ta kai a kira ta ma'auni ba, tubali ɗaya ce a cikin gini.

A nan zan ɗan tsaya, don nan ne gizo ke saƙar a wajenmu. A kundayen ɗalibai da yawa a Najeriya, musamman a fannin ilimi, akan yi amfani da hawa huɗu: na yarda ƙwarai 4, na yarda 3, ban yarda ba 2, sam ban yarda ba 1. A haɗa su a samu 10, a raba huɗu a samu 2.50. Daga nan duk tambayar da matsakaicinta ya kai 2.50 sai a rubuta “an amince”, wadda ta gaza a rubuta “an ƙi”. To, mu ƙaddara an tambayi iyaye 100 a wani gari ko sun yarda a mayar da makaranta ta yini. Hamsin suka ce sun yarda ƙwarai, hamsin suka ce sam. Hamsin sau 4 ɗari biyu, hamsin sau 1 hamsin, jimilla 250, a raba ɗari: 2.50 cif. Kundi zai ce iyaye sun amince, alhali gari ya dare gida biyu, rabin mutane sun ƙi ƙi na ƙarshe. Babban labarin da binciken ya gano ke nan, kuma matsakaici ya binne shi. Sannan wa ya auna ya tabbatar cewa tazarar da ke tsakanin “na yarda” da “na yarda ƙwarai” daidai take da wadda ke tsakanin “na yarda” da “ban yarda ba”? A ta farko ƙarfin ra'ayi ne ya ƙaru, a ta biyu an tsallaka katanga ne ɗungurungum.

In za a yi adalci, masana sun daɗe suna jayayya a kan wannan, kuma da yawansu sun yarda a ɗauki matsakaici idan jimillar tambayoyi masu yawa ce, kamar yadda Likert ya tsara. Ra'ayina dai shi ne, ga tambaya guda, a fara nuna mana mutum nawa suka zaɓi kowane hawa, da kashi nawa cikin ɗari. Wanda ya ga wannan ya ga komai.

Shin ko kun san akwai gwaje-gwajen da aka ƙirƙira musamman don amsoshi masu jeri? Su ba ruwansu da tazara, jera mutane suke yi daga ƙasa zuwa sama su duba wa ke gaban wa. Na Mann da Whitney, 1947, na kwatanta rukuni biyu ne. Na Kruskal da Wallis, 1952, na rukuni uku ko fiye. Na Charles Spearman ya girme su duka, tun 1904, yana auna ko jeri biyu tare suke hawa.

Shin ko kun san cewa gwajin kai-sukwaya, wanda ba kundin da ba a ambatarsa, ya haura shekara 120? Karl Pearson na Landan ne ya wallafa shi a 1900, kuma “kai” ɗin sunan wani harafin Girkanci ne. Cikin misalan da ya gwada shi da su har da aikin abokinsa, masanin halittu W. F. R. Weldon, wanda ya jefa ƙwayoyin dayis irin na ludo guda 12 har sau 26,306, yana rubuta sau nawa 5 ko 6 suka fito. Da ƙwayoyin ba su da aibi, kashi ɗaya bisa uku ake sa rai. Abin da ya fito ya ɗara haka da ɗan kaɗan, kaɗan ɗin da ido ba zai kula ba. Lissafin Pearson ya nuna wannan ɗan ƙarin ya fi ƙarfin a ce dace ne, ƙwayoyin ne suka karkata.

Yadda gwajin ke aiki bai kai wuyar sunansa ba. Tambaya ɗaya yake yi: abin da muka gani ya yi nisa da abin da za mu gani in da babu wata alaƙa? Mu ƙaddara an tambayi maza 100 da mata 100 ko suna sauraron rediyo kullum, mutum 120 suka ce e. Da jinsi ba ya da tasiri, sai a sa ran maza 60 da mata 60 a gurbin “e”, 40 da 40 a gurbin “a'a”. Sai aka samu mata 70, maza 50. Kowane gurbi ya kauce da 10. A ninka 10 da kansa a samu 100, a raba da adadin da aka sa rai a kowane gurbi, a tara huɗun: 8.33. A jadawali mai layi biyu da shafi biyu, duk abin da ya haura 3.84 akan ɗauka ya wuce dace. Shi ke nan.

Shin ko kun san cewa Pearson ya yi kuskure a wani sashe na gwajin nasa, kuma wani matashi ne ya gyara masa? A 1922 Ronald Fisher ya nuna cewa gurabun jadawali ba duka ke da sakewa ba. Duba misalin rediyon nan: da zarar an san jimillar maza da mata da ta masu e da a'a, in ka cike gurbi ɗaya, sauran ukun sun cike kansu. Ke nan gurbi ɗaya ne mai 'yanci, ba uku ba. Ƙa'idar ita ce a cire ɗaya daga yawan layuka, a cire ɗaya daga yawan shafuka, a ninka. Pearson bai karɓi gyaran ba, tsamin da ke tsakaninsu ya daɗe, amma lissafin Fisher ake koyarwa har yau.

Da ƙidayar kawuna ake yin kai-sukwaya, ba da kashi cikin ɗari ba. Kuma kowane mutum gurbi ɗaya yake shiga. Tambayar da aka ce “zaɓi duk waɗanda suka dace”, inda mutum ɗaya zai sa alama a rediyo da talabijin da WhatsApp, ba a zuba ta a jadawalin gwajin yadda take, domin an ƙirga mutum ɗaya sau uku.

Shin ko kun san gwajin yana rauni idan gurabu sun yi ƙaranci? A 1954 William Cochran ya ba da shawarar da aka riƙe har yau: kada adadin da ake sa rai ya gaza 1 a kowane gurbi, kuma waɗanda suka gaza 5 kada su wuce ɗaya bisa biyar na gurabun. Mai mutum 40 da ya baza su a gurabu 20 ya karya wannan tun kafin ya fara. Mafita ita ce a haɗe rukunai masu kama da juna, ko a koma ga gwajin Fisher.

Shi kuwa wannan gwaji, labarinsa na haɗe da kofin shayi. A cibiyar binciken noma ta Rothamsted da ke Ingila, wata masaniyar tsirran ruwa, Muriel Bristol, ta ce tana gane ko madara aka fara zubawa a kofi ko ruwan shayi. Fisher ya tsara a ba ta kofi 8 a gauraye, 4 madara a farko, 4 shayi a farko, ta ware su. Hanyoyin zaɓen 4 daga cikin 8 guda 70 ne, ɗaya ce kawai daidai. Mai cinke zalla damarsa ta cin duka ɗaya ce cikin 70. Ya kawo tsarin a littafinsa na 1935.

Shin ko kun san cewa “akwai alaƙa” daban, “alaƙar tana da ƙarfi” daban? Ɗauki jadawalin rediyon nan ka ninka kowane gurbi sau goma, mutum 2,000 ke nan. Kashi cikin ɗari bai motsa ba, amma kai-sukwaya ya tashi daga 8.33 zuwa 83.3. Shi ya sa a babban bincike kusan kowane ɗan bambanci kan ci gwajin. Ma'aunin da Harald Cramér ɗan ƙasar Suwidin ya kawo a 1946 shi ke nuna ƙarfin alaƙa, daga 0 zuwa 1. A misalinmu wajen 0.2 ne, ko mutum 200 ko 2,000. Alaƙa ce, amma ba mai ƙarfi ba.

Idan kuwa mutane ɗaya aka tambaya sau biyu, a ce kafin gangamin wayar da kai kan gidan sauro da bayansa, gwajin Quinn McNemar na 1947 ake nema. Shi waɗanda suka sauya amsa kaɗai yake dubawa: nawa suka tashi daga a'a zuwa e, nawa suka yi akasin haka.

Shin ko kun san 0.05 ɗin nan da ake rantsuwa da shi zaɓi ne na sauƙaƙa aiki? Littafin Fisher na 1925 ne ya yaɗa shi. Ma'anarsa, ko da babu alaƙa ko kaɗan, gwaji zai yi kururuwar ƙarya sau ɗaya cikin ashirin. Wanda ya gudanar da gwaji 20 masu zaman kansu a kan abubuwan da ba su da alaƙa, damarsa ta cin karo da aƙalla “sakamako” ɗaya ta kai kashi 64 cikin ɗari. A 2016 sai da ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka ta fitar da sanarwa tana jan kunne a daina yanke hukunci da wannan lamba ita kaɗai.

Shin ko kun san jadawali na iya faɗin gaskiya a kowace lamba, amma ya ɓatar da mai karatu? A 1973 maza 8,442 da mata 4,321 suka nemi gurbin karatun gaba da digiri a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. An ɗauki kimanin kashi 44 na maza, kashi 35 na mata. Kowa ya gani zai ce an danne mata. Da Peter Bickel da abokan aikinsa suka bi sashe-sashe, a binciken da suka wallafa a 1975, sai hoton ya juye: a yawancin sassa ba a fifita maza ba, in ma akwai ɗan rinjaye to wajen mata ya karkata. Abin da ya faru shi ne mata sun fi neman sassan da ke da cunkoso, masu ɗaukar kaɗan daga masu nema, irin su sashen Ingilishi, maza kuma sun fi neman irin su injiniyanci, inda ƙofa ta fi faɗi. Ana danganta wannan juyi da Edward Simpson da ya yi bayaninsa a 1951, ko da yake Udny Yule ya riga shi tun 1903. Duk mai kwatanta birni da ƙauye, ko makarantar gwamnati da ta kuɗi, ya kamata ya tambayi kansa wane abu na uku ne ke laɓe a bayan jadawalinsa.

Don kama irin wannan abu na uku aka gina lissafin lojistik, mai duba dalilai da yawa a lokaci guda idan amsa e ce ko a'a. David Cox ya shimfiɗa shi a 1958, Peter McCullagh ya faɗaɗa shi ga amsoshi masu jeri a 1980. Shin ko kun san wani reshensa ya ci kyautar Nobel? A shekarun 1970, lokacin da ake kafa jirgin ƙasa na BART a yankin San Francisco, Daniel McFadden ya yi amfani da amsoshin matafiya kan mota ko bas ya yi hasashen kashi 6.3 za su koma jirgin. Hasashen hukuma ya kai wajen kashi 15. Da jirgi ya fara aiki aka ƙirga, 6.2 aka samu. Ya karɓi kyautar ta fannin tattalin arziki a 2000 tare da James Heckman.

Amma duk wannan lissafi yana tsaye ne a kan wa aka tambaya. Shin ko kun san wata mujallar Amurka ta tattara amsoshi sama da miliyan 2 ta kuma faɗi warwas? A zaɓen shugaban ƙasa na 1936 Literary Digest ta aika takardu wajen miliyan 10, ta ce Alf Landon zai ci da kashi 57. Franklin Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48, da kusan kashi 61. Sunayen ta tsamo su ne daga littafin masu tarho da masu mota da masu sayen mujallar, a zamanin da talauci ya yi wa ƙasar katutu, sannan waɗanda suka damu suka mayar da amsa sun fi karkata ga masu adawa da Roosevelt. George Gallup, da mutane kimanin 50,000, ya faɗi wanda zai ci daidai. Mujallar ba ta wuce 1938 ba. Mai sayen hatsi a Dawanau ya san wannan ba tare da littafi ba: ba ya yarda da abin da ke bakin buhu, sai ya zura hannu ciki ya ɗebo.

Shin ko kun san ƙa'idar Taro Yamane ta 1967, wadda ɗalibanmu ke fitar da yawan waɗanda za su tambaya da ita, ba ta taɓa haura 400 idan kuskuren da aka yarda da shi kashi 5 ne? Ko mutanen gari dubu ɗari ne, ko miliyan ɗari. Sharaɗinta shi ne a zaɓo mutanen ta hanyar ƙuri'a, kowa da damarsa daidai da ta kowa. Raba takardu 400 ga abokai da 'yan ɗakin kwana bai cika wannan sharaɗi ba. Afrobarometer, da ke jin ra'ayoyin jama'a a ƙasashen Afirka tun 1999, har da Najeriya da Nijar, takan tambayi mutum 1,200 a ƙasa ta samu kuskuren da bai wuce kashi 3 sama ko ƙasa ba, saboda yadda take zaɓen su.

Binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na 2018, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar, ya tattauna da mata 41,821 da maza 13,311. An tsara shi a kan gungu 1,400, kowane gungu gida 30. Maƙwabta kuwa sukan yi kama: rijiya ɗaya, asibiti ɗaya, kasuwa ɗaya. Don haka gida 30 na unguwa guda ba su kai gida 30 na wurare dabam-dabam ba da labari. Wanda ya sauke bayanan ya yi musu kai-sukwaya na yau da kullum zai ga alaƙar da ba ta kai haka ƙarfi ba. J. N. K. Rao da Alastair Scott sun kawo gyaran wannan a 1981, kuma dole a yi amfani da nauyin da aka ba kowane mai amsa.

Shin ko kun san kalma ɗaya na iya sauya amsa da maki 16? A wani gwaji da Donald Rugg ya ruwaito a 1941, an tambayi wasu Amurkawa ko a “haramta” jawaban sukar dimokuraɗiyya a bainar jama'a, kashi 46 suka ce a haramta. Wasu aka tambaye su ko a “ƙyale”, kashi 62 suka ce kada a ƙyale. Hukunci ɗaya, lafazi biyu. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin yawancin takardunmu da Turanci ko Faransanci ake rubuta su, sannan mai tambaya ya juya su Hausa a tsaye a ƙofar gida, kowa da irin juyinsa. Binciken 2018 da na ambata sai da aka fassara takardunsa zuwa Hausa da Yarabanci da Ibo kafin a fita. Ga kuma kara. Ka tambayi dattijo yadda ya ga aikin asibiti ya ce “to, ba laifi” ko “sai godiya”, a wane hawa za ka sa shi? Masana sun daɗe da sanin cewa mutane kan karkata ga “e” don girmama mai tambaya, shi ya sa ake juya wasu tambayoyin, yadda “e” a nan za ta zama “a'a” a can.

Idan mutum biyu ne ke rarraba irin waɗannan amsoshi na baki zuwa rukunai, dacewarsu kaɗai ba hujja ba ce. In kowannensu yana rubuta “gamsuwa” sau 9 cikin 10 ba tare da ko karantawa ba, za su dace a kashi 82. Ma'aunin “kappa” na Jacob Cohen, 1960, yana cire wannan rabon na dace ya bar na gaske.

Na taɓa duba kundin wata ɗaliba da matsakaicin wata tambaya mai hawa huɗu ya fito 7 da ɗoriya. Da muka bi sawu, ashe “ban sani ba” ta ba lamba 98, kwamfuta kuma ta tara da shi. Gyaran bai ɗauki minti biyar ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne waɗanda suka ce ba su sani ba ɗin mata ne kusan dukansu, kuma wannan kansa sakamako ne da ya cancanci sakin layi a kundin.

Shin ko kun san manhajar lissafi ta SPSS tun 1968 take, kuma kamfanin IBM ya saye ta a 2009? Manhajar R kuwa, da Ross Ihaka da Robert Gentleman suka fara a Jami'ar Auckland ta ƙasar Niyuzilan a farkon shekarun 1990, kyauta ce, kuma duk gwajin da aka ambata a shafin nan tana yin sa.

Kirana ga ɗalibai da malaman da ke duba su: kafin a danna kowane gwaji, a buga jadawalin ƙidaya na kowace tambaya, a zauna a karanta shi, a ga mutum nawa suka ce me, nawa suka yi shiru. Kuma a sa shi a cikin kundin, mu ma mu gani.